Baƙin Zane da Zafin Bazara

  

Maganar yau wata baiwar Allah ce ta jawo ta, daga unguwar Ladjifarani a nan Paraku. Sana'arta sarin wagashi wurin matan Fulani, ta kai Jugu, ta juyo da man kaɗe. Ta ce kayan sawarta kusan duk masu duhu ne, dogayen siket baƙaƙe da shuɗɗan zannuwa, don mai bin hanya ba ta iya da farin kaya, kafin ta sauka jar ƙasa ta riga ta rine shi. To ga bazara ta kama, 'yarta 'yar makaranta ta tasa ta gaba, wai baƙi jan zafi yake, ta ajiye su ta sayi masu haske. Ita kuma jarin duka nawa yake? Shi ne take tambaya, ta ya za ta yi?

'Yar uwa, kada ki ajiye ko ɗaya tukuna. Yarinyar ba ƙarya ta yi ba, rabin magana ce ta kawo miki, bari mu cika mata sauran.

Ku makiyaya kun fi kowa sanin rabin farko. Rana ta take a watan Maris, zafi na dosan digiri 40, wace saniya ce ke fara neman inuwa? Baƙa ce. Farar bunaji na nan tana kiwonta, baƙar ta soma haki. Ɗora hannu a bayan kowacce ka ji bambanci. Baƙi na shanye hasken rana ya mai da shi zafi, fari kuwa mayar da mafi yawansa yake. Wannan babu gardama.

Amma gashin saniya manne yake da fatarta, zafin da ya sha ba shi da wurin zuwa sai jikinta. Tufa ba haka take ba, sai in ke kika mai da ita haka. Ku dubi Buzaye mana. Suna can inda rana ta fi tamu ƙuna, amma rawaninsu na alfarma turkuɗi ne, wanda ake rinawa a buga a Kura ta ƙasar Kano, baƙi wuluk har yana walƙiya. Ga matan Bororo da baƙaƙen zannuwansu. Fataken da suka riƙa bin wannan hanya tamu, daga Kano su biyo Nikki, su ratsa Paraku da Jugu, wadda suke kira Zugu, su nufi Gwanja sayen goro, rinannen ƙyalle na cikin manyan hajojin da jakunansu ke ɗauka. Mutanen nan duk ba su san zafi ba ne?

Wannan tambaya ta taɓa damun wasu masu bincike, game da Larabawan ƙauye na hamadar Sina'i masu sa baƙaƙen riguna. Suka tsayar da mutum a rana cikin hamada, yau da baƙar riga mai faɗi, gobe da fara irinta, suna aunawa. A 1980 suka buga abin da suka samu a mujallar Nature. Bayan baƙar rigar ya fi na farar zafi nesa ba kusa ba, amma zafin da ya isa jikin mutumin ɗaya ne. Dalili, iskar da ke tsakanin riga da fata in ta ɗumama sama take yi ta fice ta wuya, sabuwa ta shigo ta ƙasa, kuma duk motsin da mutum ya yi rigar na aiki kamar zugazugin maƙeri. Zafin yana tafiya kafin ya taɓa fata.

Kin ji ke nan. Abin dubawa a siket ɗinki biyu ne: da me aka saƙa yadin, kuma iska na samun hanya a ciki ko ba ta samu.

Mu fara da yadi, don a nan ake cutar mutane. Abin takaici, muna zaune cikin ƙasar auduga. Benin na sahun gaba a noman auduga a Afirka, duk wanda ya bi hanyar Kandi da Banikoara da rani ya ga manyan motoci shaƙe da ita sun nufi Kwatano. Mafi yawanta waje take tafiya ba a saƙa ba, mu kuma a kawo mana yadin roba mu saya. Yawancin baƙin yadin da ake ɗinka siket da abaya da dogon hijabi da shi yanzu, mai santsi, mai sheƙi, wanda ba ya yamutsewa, roba ce, 'yar uwar leda. Ba ya shan gumi. Gumin sai ya kwanta tsakaninsa da fata, ke ga ki sharkaf, jikin kuma bai huce ba, don gumi ba ya sanyaya mutum sai ya bushe. Daga nan ƙurajen zafi su feso a cinya da ƙugu, wata har fatar ta saluɓe inda cinyoyi ke gugar juna, tafiya ta zama azaba. Sai a ce baƙi ne ya jawo. Da farin irinsa kika sa, haka za ki sha.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, ga mai zama bakin murhu tana dafa madara ko suya. Auduga ma tana cin wuta, kada a ce na ce ba ta ci. Amma roba narkewa take ta manne a fata, irin ƙunar nan mai wuyar warkewa.

Gane shi ba wuya. Ki zaro ɗan zare daga bakin yadin, ki fita waje, ki kusanta shi da ashana. Auduga za ta ci kamar takarda, warinta na takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Roba kuwa za ta tsuke, ta narke, ta bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri, ga warin leda. In a kasuwar Arzeke kike, ba damar kunna wuta a rumfar mutane, ki ɗiga ruwa a kai. Auduga za ta shanye nan take, roba ruwan zai tsaya yana gangara. Sai dai sabuwar atamfa mai danƙo da shadda mai sitaci su ma sukan riƙe ruwa kafin wankin farko, kada ki yanke musu hukunci da wannan kaɗai. Sannan ki ɗaga yadin sama ki hura iska da baki, hannunki na baya. In ba ki ji komai ba, iskar Allah ma ba za ta shiga ba.

Kai kuma mai tsallako da dilar yadi ko gwanjo, ta Cikanda ko ta Malanbil, ina da magana da kai. In mace ta tambaye ka auduga ce, ka gaya mata gaskiya. Robar ma tana da masu so, ba ta koɗewa, ba ta son guga, da hunturu babu ruwan kowa. Amma wadda ka sayar wa leda da sunan auduga a watan Afrilu, ba za ta manta rumfarka ba, kuma ba ita kaɗai za ta sani ba.

Sai ɗinki. Ɗinkin da 'yan mata ke yayi, wanda ke kama ƙugu da cinya ya buɗe a ƙasa kamar wutsiyar kifi, a bar shi wa gidan biki da dare. In baƙi ne, kika shiga rana da shi, kin zama baƙar saniyar nan, yadi manne da fata. Ki ce wa tela ya yi miki mai faɗi tun daga ƙugu, ko mai tattara, yadda in kin taka zai riƙa kaɗawa. Ƙugun kuma a sa zariya maimakon roba mai faɗi, don roba na tara gumi wuri ɗaya, zariya kuwa in kin zauna cikin mota kya sassauta abinki ba wanda ya sani.

Shafi fa? A nan teloli ke ɓata aiki. A kawo atamfa mai kyau ta auduga, a yi mata shafi da yadin roba mai santsi, shi ne kuma ke taɓa jiki. Ga amfanin duhu ke nan da ba a faɗa: baƙin siket ba ya nuna jiki a rana yadda fari ke yi, saboda haka ba ya bukatar shafi ko kaɗan. Fari sai an ruɓanya, baƙi falle ɗaya ya wadatar. Ke mai tambaya, ki juya siket ɗinki ki duba. Wanda ke da shafin roba, reza kawai za ki sa ki farke shi, ba sisin da za ki kashe. In kin saba da abu a ciki, ɗan fatari na auduga marar nauyi zuwa gwiwa ya isa.

Zane kuwa dama shi ya riga kowa wayo, tun da a buɗe yake. Kawai kada ki naɗa shi tamau har taku ya gagara, kada kuma ki ɗaura biyu da rana.

Inda zan ba 'yarki gaskiya shi ne sama. In rana ta take, ka da kafaɗa da baya take duka, siket a tsaye yake, kaɗan yake samu. To in akwai ɗan kuɗin da za a kashe, a kashe shi kan riga da mayafi. Farar riga ta auduga mai faɗin hannu, ko ruwan madara, ko ruwan ƙasa mai haske wanda ba ya tona ƙura, a sake ta bisa siket ba a cusa ba. Mayafi marar nauyi mai haske. Kuma wallahi ya fi kyau. Baƙin zane da farar riga da ɗan kallabi mai ratsin ja ko ɗorawa, ga murjani ko azurfa a wuya, ai matan Fulani sun daɗe da gane wannan, ku dube su ranar kasuwar Gogunu. Baƙi tun daga ka har ƙafa, na roba, a bayan a-kori-kura da azahar, wannan kam neman jiri ne.

Yanzu ga inda duhu ke da laifi na gaskiya, ku mutanen ruga ku kasa kunne. Kun taɓa ganin tarkon ƙudan tsando da ma'aikatan dabbobi ke kafawa a bakin rafi? Wane launi ne? Shuɗi da baƙi. Ba ado ba ne. Shuɗi ke kiran tsando daga nesa, baƙi ke sa shi ya sauka, tun shekarun 1970 ake ɗinka tarkunan haka. Mace ta ɗaura shuɗin zane ta shiga kurmi ɗibar ruwa ko wanki a gefen Okpara ko Weme, ta zama tarko mai tafiya. Ba tsoro nake ba ku ba, a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa ciwon barci ya daina zama barazana ga jama'a a Benin. Amma ƙudan na nan, cizonsa da zafi, yana huda siririn yadi, sammore kuma bai bar shanu ba. Ranar zuwa rafi a sa mai ruwan ƙasa ko ruwan toka, mai ɗan kauri. Kai ma mai kora shanu mashaya, baƙar rigar nan ka bar ta a bukka. Sauro shi ma duhu yake so, da magariba a kula.

Na biyu, tsawo. Siket mai sharar ƙasa da babur ba sa shiri. Na taɓa ganin wata a hanyar Jugu, bakin zanenta ya shiga wayar ƙafar baya, kafin mai zem ya taka birki ta riga ta kai ƙasa, ƙwaryar nono ta tarwatse, Allah Ya kiyaye abin ya tsaya a gwiwa da gwiwar hannu. Kalmasa ta tsaya daidai idon sawu. Sutura ta cika, ba ki kwashi ƙura da kashin awaki ba, iska kuma ta samu ƙofar shiga. In za ki hau babur ki tattaro bakin ki danne ƙarƙashin cinya, mayafin ma haka, kada ki bar shi yana lilo.

Masu sammakon kai nono gari tun duhun asuba, kuna bin gefen kwalta, direban babbar mota ba ya ganin baƙin zane sai ya zo dab. Farin mayafin nan ko a nan ya biya kuɗinsa.

Saura wanki. Gumin bazara na barin farin gishiri a baƙin yadi, in ya kwana ya ƙeƙashe yana cizon fata, saboda haka a ɗauraye kullum ko da ruwa zalla ne. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, ba a jiƙa shi cikin omo a tafi kasuwa. A juya cikinsa waje, a shanya a inuwa, rana ce ke mai da baƙi ja-ja kamar tsohuwar tukunya. Mai rinin baba kuwa a wanke shi shi kaɗai, zuba yake, kuma yana iya shafar farar rigar da na sa ki saya, sai a ɗauraye shi sau biyu ko uku kafin a haɗa su a jiki.

Ke ta Ladjifarani, ki fito da su duka gobe da safe, ke da 'yar makarantar, ku gwada zaren ɗaya bayan ɗaya. Na auduga ki ci gaba da sawa. Na roba ki ninke ki sa a ƙasan akwati, Disamba na zuwa.