Gajiyar da korona take bari a jiki

Yau ina so mu yi magana kan waɗanda korona ta sake su, amma jikinsu bai dawo daidai ba.

Tun a watan Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan larura: alamomin da ke tare da mutum wata 3 bayan kamuwa, suka ɗauki aƙalla wata 2, kuma babu wata cutar da ta bayyana dalilinsu. Waɗanda aka fi gani su ne gajiya mai tsanani, ƙarancin numfashi, mantuwa da rikicewar tunani. Ko wanda korona ta yi wa sauƙi, bai ma kwanta asibiti ba, yana iya samunta.

To, ga inda nake so ku saurara da kyau. Wannan gajiya tana da wata ɗabi'a: sau da yawa ba ta zuwa nan take. Mutum zai ji ƙarfi yau, ya je kasuwa, ya yi wanki, ya halarci biki. Sai gobe ko jibi ya kasa tashi daga kan gado, har kwanaki. Shi ya sa 'yan gida suke cewa ai ragwanci ne, jiya ma mun gan shi garau. Wallahi wannan magana tana ƙara wa mara lafiya ciwo.

Abin da likitoci ke ba da shawara shi ne auna ƙarfi. Ka raba aiki kashi-kashi, ka huta tun kafin ka gaji. Ka yi wanka a zaune, in tsayuwa ta yi nauyi ka yi salla a zaune, addini ya ba da sauƙi. Ka riƙa rubuta abin da ka yi da yadda ka wayi gari, a hankali za ka gane iyakarka.

Kuma don Allah a daina maimaita maganin zazzaɓin cizon sauro da taifot daga kemis ba tare da gwaji ba. A je asibiti a duba ƙarancin jini, sukari, zuciya, da tarin fuka idan tari ya wuce mako 2. Ciwon ƙirji, ko numfashi ya gagara kana zaune, wannan a tafi asibiti nan take.

Da yawa suna samun sauƙi, sai dai a hankali. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.