Gidajen da Muke Ginawa a Filinge: Jawabi ga Kurfayawan Akra

 

Mai girma Sarkin Zango, malamanmu limamai, iyayenmu maza da mata, shugabannin ƙungiya, 'yan uwana Kurfayawa na Nima da Sabon Zango da Madina da Ashaiman, da waɗanda suka baro buhunan albasarsu a Adjen Kotoku suka zo, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri. Ina neman izinin manya in yi magana kan gini, domin babu wata hira da ke cin daren ɗan biɗa irin ta gini.

Na zauna Lome, na zauna Kwatano, na yi ɗan lokaci a Abijan, na kuma taɓa kaiwa Tamanrasset ina saurayi. Duk inda Kurfayawa biyu suka haɗu, da an gama tambayar iyali da damina sai a ce: "Yaya gini? Ya kai linta? An yi rufi?" Mutum yana kwana cikin shago da abokai huɗu, yana cin gari da ƙuli, amma a wayarsa akwai hoton ɗakuna shida da ake ɗagawa a Filinge ko Cikal ko Bonkuku. Ni ban ga laifin wannan ba, kuma dattawan da ke zaune nan gaba sun fi ni sanin dalili. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Mutanen da suka yi shekara ashirin, talatin a Kumasi da Akra suka sayar da gida da shago a kuɗin banza, wasu ma ko mai saye ba su samu ba, suka hau manyan motoci da tabarma da buta. Wanda ya tarar da ɗakinsa a ƙauye ya shiga da mutuncinsa. Wanda bai aza ko tubali ɗaya ba ya koma raɓe a zauren ƙanensa. Najeriya ta yi irin wannan kora a 1983, rikicin Kodibuwa ya taso a 2002, Libiya ta kama da wuta a 2011, kuma kowane karo an ga 'yan biɗa sun dawo gida hannu rabbana. Ko a yau tsarin mulkin Gana na 1992 bai yarda baƙo ya mallaki ƙasa har abada ba, iyakarsa haya ta shekara 50. Saboda haka duk wanda ya ce mu daina gini a gida, bai san tarihinmu ba.

Abin da ke damuna shi ne irin gidan da muke ginawa, da abin da ke faruwa da shi bayan an gama.

Ku zaga sababbin unguwannin Filinge da rani. Za ku ga katanga doguwa, ƙofar ƙarfe mai fenti, da ƙaton kwaɗo da ya yi tsatsa. Ku tambayi yaran unguwa, su ce muku: "Na wane ne, yana Gana." Maigidan yana zuwa Sallar Layya, wata shekara ma ba ya zuwa. Sauran watanni gara ce ke cin ƙyauren ɗaki, jemagu suna cikin silin, iskar farkon damina ta ɗaga kwano ɗaya, ruwa ya yi ta zuba har kaka babu wanda ya sani. A wannan lokacin kuma mahaifiyar mai gidan tana tsohon gida, cikin ɗakin da ke yoyo, tana tara kwanoni a ƙasa in hadari ya taso. Wallahi na ga wannan da idona, kuma ba a gida ɗaya ba. In aka tambaya sai a ce ai ba a so yara su ɓata fenti. Fentin nan na wa ne? Ya 'yan uwana, idan za mu gina gidan da za mu riƙa sauka hutu, mu ware ɗaki ɗaya da bayi mu kulle, sauran mu buɗe wa tsohuwa, ko ƙanwar da mijinta ya rasu, ko malamin lakwal da aka turo daga nesa yana neman haya. Mai kwana cikin gida shi ke jin ɗigon ruwa daren da ya fara.

Sai maganar fasali. Muna ɗauko hoton gidan bakin teku mu aika wa magini a Dallol Boso, mu ce haka muke so: bulon siminti siriri, rufin kwano ƙasa-ƙasa, tagogin gilashi suna kallon yamma. A Akra iskar teku tana rufa mana asiri. A Filinge, cikin Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40, kuma ɗakin nan yakan zama tanda, har mai shi ya kwashi katifa ya koma tsakar gida. Alhali maganin yana ƙofarmu. A Cikal, cikin Kurfai ɗinmu, aka fara gwada ginin ƙasa marar itace a Nijar a 1980, wanda ake rufe ɗaki da tubali kaɗai, a yi masa baka da ƙubba, babu azara babu kwano, daga nan fasahar ta bazu zuwa wasu jihohi har da ƙasashen maƙwabta. Masallacin Yama na jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya gina da laka, ya ci kyautar Aga Khan a 1986, masana gini na duniya suna zuwa kallonsa. Mu kuwa mun ɗauka laka alamar talauci ce. Ban ce a bar siminti ba. Ambaliyar 2024 ta nuna wa kowa abin da ruwa ke yi wa ginin da ba shi da tushe, kuma bayanta ne gwamnatin Nijar ta rage kuɗin siminti a watan Oktoba na shekarar. A zuba siminti da dutse a tushe, a ɗaga daɓe sama da hanyar ruwa, a yi katanga mai kauri, a sa indararo mai kyau, a bar gawo ko bedi ya yi inuwa a tsakar gida. Kuma kafin a sayi fili, a je a gan shi da damina, domin kwarin Dallol yana da wuraren da ruwa ke kwanciya, da rani kuwa ba mai gane su.

Takarda ma haka. Kada a ce ai ɗan uwa ne ya sayar mini. A cikin gari a karɓi takardar fili daga ofishin magajin gari da sunan mai shi, a ƙauye a bi ta hannun maigari da hukumar filaye, a sa shaidu. Wanda kuma ya zuba miliyoyi cikin gidan gado da ba a raba ba, ya sani ya ajiye wa 'ya'yansa shari'a da 'yan uwan ubansu. Kuɗin gini kuwa a aika shi mataki-mataki, a ga hoton aikin da aka yi kafin a sake turawa. Wannan ba rashin yarda ba ne. Wanda ka damƙa wa kuɗi yana zaune cikin mutanen da hatsinsu ya ƙare tun kafin shuka, ga marar lafiya, ga suna, ga biki, kuma kowa ya san kuɗin na hannunsa. A ware na cefane daban, na gini daban, a kuma ba mai kula da aikin ladan wahalarsa. Mun ga yadda sidi ya faɗi a 2022, wanda ya tara kuɗinsa nan yana jiran ya cika ya tashi da rabin siminti. Gara a mayar da shi bulo da ƙarfe da wuri.

Yanzu iyayena mata, ku ba ni hankalinku, domin wannan ta fi shafarku. Mu da aka haifa a Kurfai, in mun ce gida, Filinge muke nufi. Yaran nan da ke zaune a baya an haife su a Nima da Mamobi, sun iya Turanci da Tuwi, Hausarsu ta zango ce. A wurinsu Filinge ƙasar waje ce, gidan da muke ginawa kuwa gidan hutu ne a wata ƙasa mai nisa da ba su taɓa gani ba. Ranar da muka kwanta dama, me zai hana su sayar da shi ta waya? Ba za su riƙe abin da ba su sani ba. Yaron da bai taɓa shiga kasuwar Filinge ran Lahadi ya ga shanu da raƙuma da Fulani da Buzaye da Zabarmawa suna ciniki ba, bai ci cuku ba, ba a kai shi Tukunus ya ga jajayen shanun Azawak ba, bai sha furar kakarsa ba, bai bi 'yan uwansa gona ya riƙe hauya ba, da me zai so wurin?

Na san hanya ta yi wuya. A Yulin 2023 aka rufe gadar Malanbil da Gaya, masu bi ta Benin suka koma shiga jirgin ruwa. Hanyar Burkina ta Fada da Kancari da Torodi tana da hatsarin da kowa ya sani. In an isa Yamai, saura kusan kilomita 180 ta Balleyara da Bonkuku, kuma arewacinmu wajen Abala ba a rasa labari marar daɗi. Ba zan ce wa kowa ya jefa ɗansa cikin haɗari ba. A tambayi na gida kafin a tashi, a yi tafiyar rana, shekarar da ba ta yiwu ba a haƙura, Allah ya kawo mana zaman lafiya. Amma shekarar da hanya ta yi kyau, kuɗin tayil ɗin falo ɗaya ya isa ya kai yaro ya dawo da shi.

Ga roƙona ga shugabanni. A buɗe littafi yau, duk mai gini ko mai gida a kulle a Kurfai ya rubuta sunansa da garinsu. A zaɓi dattawa biyu a Filinge da za su riƙa duba mana aiki da takardu, ƙungiya ta biya su. Sannan a fara tara kuɗin mota ɗaya ta yara don babban hutun makaranta, da iyaye mata biyu da malami ɗaya masu rakiya, su sauka a gidajen nan namu. Magatakarda yana bakin ƙofa da littafin, ni zan fara sa hannu.

Allah ya ba mu abin da muka fito nema, ya jiƙan magabatanmu da ke kwance a nan da can.