Jawabin Bikin Yaye Masu Lura da Yanayi a Zariya ta Maraɗi



Hadarin damina a ƙasar Maraɗi daga gabas yake tasowa. Manomin Tibiri ya san haka, mai lambu a Jiratawa ma ya sani: gari ya ɗauki zafi, gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska ta riga ruwa isowa da jar ƙura, ta yaye kwano, ta karya reshe, sannan ruwa ya sauko. Sanin inda hadarin zai bi da ƙarfin iskar da zai zo da ita shi ne abin da ɗaliban da ake yayewa yau suka koya, shi ne kuma ya tara masu sarauta, malamai, ma'aikata da iyaye a wannan fili. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Irin wannan hadari a sahu yake tafiya. Gizagizai kan haɗu da la'asar a kan duwatsun Azbin, ko tudun Jos, ko can Darfur, su jeru tsawon ɗaruruwan kilomita, su nufi yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa. Mafi yawan ruwan da gero da wake ke sha a Sahel daga nan yake fitowa. Mai ja musu gora wata iska ce da ke kaɗawa daga gabas, kimanin kilomita 3 zuwa 4 sama da ƙasa. Ba ta miƙewa sambal, lanƙwashewa take yi, kuma kowane kwana 3 zuwa 5 wata lanƙwasa takan ratsa sararin Nijar.

Tafiyar ba ta ƙarewa a Dakar. Kimanin lanƙwasa 60 ne ke faɗawa tekun Atlantika kowace shekara. Yawancinsu mutuwa suke yi, sau da yawa saboda busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ta shaƙe su. Wadda ta dace da ruwan da zafinsa ya kai digiri 26 da rabi takan fara juyawa tana tara ƙarfi, in iskarta ta kai kilomita 119 a awa ta zama guguwar teku. Ma'aunin Saffir-Simpson ya kasa ta mataki 5, na ƙarshe yana farawa daga kilomita 252. Mafi yawan manyan guguwowin Atlantika asalinsu Afirka ne. Guguwar Andrew ta bar gaɓar wannan nahiya ranar 14 ga Agustan 1992 tana hadari kamar kowane hadari, ranar 24 ga wata ta afka wa Fulorida a mataki na 5. Wannan dangantaka na cikin dalilan da suka sa masana daga ƙasashe da yawa suka yi sansani a Yamai a 2006, ƙarƙashin shirin AMMA, don nazarin daminar Afirka ta Yamma.

Hasashen hanyar guguwa ya yi nisa ƙwarai. Taurarin ɗan'adam irin su Meteosat suna aiko da hoto dare da rana. Ana sakin balan-balan ɗauke da na'urar auna zafi, laima da iska, jiragen sama kuma suna kutsawa cikin guguwar kanta suna jefa ma'aunai. Kwamfuta takan ɗauki waɗannan alƙaluma ta yi lissafi sau da dama, kowane karo da ɗan sauyi a mafari. In amsoshin suka taru wuri guda, hasashe ya yi ƙarfi; in suka watse, masani ya san akwai shakka. Shi ya sa taswirar cibiyar lura da guguwa ta Miami take farawa siririya, tana faɗaɗa gwargwadon nisan kwanaki. Daga 1990 zuwa yau, kuskuren hanya ya ragu da fiye da rabi.

Ƙarfin iska a lokacin da guguwa za ta taka ƙasa shi ne ya fi gagara. Manyan iskoki masu faɗin dubban kilomita ne ke yanke hanya, kuma suna da sauƙin aunawa. Ƙarfi kuwa a tsakiyar guguwa ake ƙulla shi, a ɗan wuri mai wuyar shiga, kuma ya danganta da zurfin ruwan ɗumi da saɓanin iskar sama da ta ƙasa. A Oktoban 2023 guguwar Otis ta tashi daga matsakaiciyar iska zuwa mataki na 5 cikin kimanin kwana guda, ta sami birnin Akapulko na Meziko bai shirya mata ba.

Haka lamarin yake a nan gida. Hadarin da aka hango a Damagaram ana iya cewa zai iso Maraɗi cikin awa 4 ko 5. Abin da ke da wuya shi ne faɗin milimita nawa zai zubar a nan unguwar Zariya, nawa a Tibiri, alhali tsakaninsu tafiyar ƴan mintoci ce. Ranar 30 ga Agustan 2024 an auna kusan milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi a Maraɗi, garin da ke samun wajen 500 a shekara. Gidaje sun rushe, an rasa rayuka aƙalla 15. Allah ya jiƙan su. Tun kafin nan, ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon Maraɗi daga fadama ya hau tudu. Gulbin Maraɗi kuma daga ƙasar Katsina yake gangarowa ta Jibiya da Madarumfa, don haka yakan cika ko da ba a yi ɗigo a Jiratawa ba.

Nijar tana da cibiyoyin da ake tinƙaho da su: hukumar meteyo ta ƙasa, AGRHYMET da aka kafa a 1974, ACMAD, da makarantar EAMAC, duk a Yamai. Amma duk lissafinsu a kan awon ƙasa yake tsaye, kuma tashoshin awo a Sahel sun yi ƙaranci. Nan ne nauyin waɗanda ake yayewa yake. Mai lura ya duba ma'auninsa a kan lokaci, ya rubuta abin da ya gani, ko da sifiri ne, domin alƙalamin da aka cika da ka yana ɓata hasashen yanki gaba ɗaya. In zai yi gargaɗi, ya bambanta abin da ya tabbata da abin da ake zato. Hasashe ba duba ba ne; gaibu na Allah ne, aikin mai lura karanta alamun da ke fili.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙarshen 2027 a matsayin wa'adin da gargaɗin gaggawa zai riƙa isa ga kowa. Ana roƙon sarakuna, limamai, masu unguwanni da gidajen rediyo su buɗe wa waɗannan matasa ƙofa, ta yadda saƙonsu zai isa gidan ƙasa da ke bakin kwazazzabo kafin iska ta isa. Allah ya sa albarka a karatunsu, ya ba mu damina mai albarka.