Kafin Ka Miƙa Kuɗin Gona



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar sayen gona a ƙauye. Ma'aikata da yawa, da 'yan kasuwa, da waɗanda suka huta da aiki, sun juya hankalinsu wajen noma, kuma wannan abin murna ne. Mutumin da ya ci tuwon dawar da ya noma, ya ga mangwaron da ya dasa ya soma 'ya'ya, yana da wani kwanciyar rai da albashi ba ya bayarwa. Amma kuma kotuna cike suke da shari'un gona, galibinsu kuwa tun ran da aka ƙirga kuɗi aka shuka su.

Bari in fara da abin da mutane ba su cika sani ba. A ranar 29 ga Maris 1978, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Wannan doka ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamnanta, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Nijeriya duka. An kuma dasa ta cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999, saboda haka har yanzu da ita ake aiki. Ga mutanen Arewa ba baƙuwa ba ce ƙwarai, gama dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 kusan haka ta tafi. Ma'anarta ke nan: abin da kake saye ba ƙasar ce kanta ba, haƙƙin zama da amfani da ita ne. Ƙasar da ke cikin birni Gwamna ke kula da ita. Wadda ke ƙauye kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin gargajiya a kanta, ba ta kuwa da ikon ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar Gwamna. In mai gona zai sayar maka da haƙƙinsa, sai ƙaramar hukuma ta amince. In kuwa takardar shaidar mallaka ta Gwamna yake riƙe da ita, sai Gwamna ya amince. Cinikin da ya tsallake wannan mataki doka ta ce ba ciniki ba ne. Abuja kuwa hukuncinta dabam, domin tun 1976 ƙasar yankin babban birnin ta koma hannun Gwamnatin Tarayya, takardar wani mai gari ita kaɗai ba za ta tsaya maka a can ba.

To, sai mu zo kan tambayar da ta fi kowace nauyi: shin wanda ke sayarwa, gonar tasa ce?

Kada ganin mutum yana noma wuri ya ruɗe ka. A ƙauyukanmu akwai aro, akwai haya, akwai jingina, akwai kuma gandun da magada ba su raba ba. Mutum yakan yi shekara 20 yana huɗar gonar da aka jinginar wa ubansa, har shi kansa ya manta tana da mai ita. Ka ɗauki misalin magidanci ya rasu ya bar 'ya'ya bakwai, uku mata ne suna gidajen aure, ɗaya yana ci-rani a Legas. Babban wa ya matsu da kuɗi, ya kai ka gona, ya nuna maka daga wannan kuka zuwa waccan tsamiya. Ka biya, ka yi shara, ka kai taki, ka haƙa rijiya. Da kaka sai ga sammaci. Alƙali ba zai tambayi yawan guminka ba, zai tambaya ne ko an raba gado, ko 'yan matan nan sun yarda, ko akwai rabon maraya a ciki. Har ma a mazhabar Malikiyya, mai tarayya cikin gonar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, watau ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi kason da ka saya.

Ku da ke zaune a Kudu, ku ƙara lura. A ƙasar Yarbawa da ta Ibo ƙasar dangi ta yi yawa. Kotuna sun daɗe da yanke cewa cinikin da 'yan dangi suka yi ba tare da shugaban gida ba ɓatacce ne tun asali, wanda shugaban gida ya yi da sunan dangi ba tare da manyansu ba kuwa ana iya rushe shi. Masu sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku sun addabi jama'a har Jihar Legas ta yi musu doka ta musamman a 2016.

Saboda haka, ka je da ƙafarka. Ka gai da mai unguwa da dagaci, ka zauna da maƙwabtan gona na gabas da yamma, kudu da arewa, a taka iyaka kana gani suna gani. A rubuta takarda, magada duka su sa hannu ko su dangwala, da shaidu waɗanda ba dillali ne ya kawo su ba. Sa'an nan ka nemi mai safiyo mai lasisi ya auna, ya kafa duwatsun iyaka. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, sau da yawa kuwa abin da ido ya ce eka goma awo yakan rage shi. A ofishin ƙasa da safiyo na jiha za a gaya maka ko wurin ya faɗa cikin gandun daji, ko makiyaya, ko filin da Gwamnati ta riga ta keɓe. Burtali kuwa, ko da an ba ka shi da araha, ka bar shi. Shanu ba su karanta takarda, kuma rigimar da ke biyo baya wani lokaci ba a kotu take ƙarewa ba.

Ita kanta gonar kuma, kada ka yanke mata hukunci da rani. Hanyar da mota ta bi a watan Fabrairu tana iya zama kogi a watan Agusta, fadama mai kyan gani tana iya kwana ƙarƙashin ruwa wata guda. Ka koma da damina ka duba ko wuta-wuta ta ci ƙasar, ko zaizaya ta soma yankarta. Ka tambayi zurfin rijiyar ƙauyen, da nisan kasuwa, da lafiyar hanya, gama akwai wuraren da rashin tsaro ya hana manoma zuwa gonakinsu.

Akwai saura abu guda. Gwamna yana da ikon soke haƙƙinka in ana bukatar wurin don amfanin jama'a, kamar hanya ko madatsar ruwa. In haka ta faru, diyyar da doka ta tanada ta abin da ka aikata a kan ƙasar ce, watau gini, da amfanin gona, da itatuwa, ba kuɗin da ka ba mai sayarwa ba. Don haka ka adana rasit na kowane aiki, ka ajiye shi wuri ɗaya da takardar ciniki da taswirar mai safiyo, ka kuma nuna wa iyalinka inda suke.

Wanda yake da tambaya yana iya tashi yanzu.