Kabad Mai Taya: Aikin Da Za A Iya Yi A Tsakar Gida

A ɗakin haya, inda gado da kujeru da kwanuka ke gasar wuri, kabad mai taya yana rage cunkoso. Uwargida za ta tura shi gefe ta yi shara, ta kuma mayar da shi ba tare da neman taimako ba.

Kayan aikin ba su da wuyar samu. A kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko kasuwar Katako ta Yamai, ana sayar da fallen filawud mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4. Falle ɗaya mai kaurin milimita 18 ya isa ƙaramin kabad. Sai zarto, gam, samfefa, noti da tayoyi huɗu.

Wurin da kafintoci suka fi mai da hankali shi ne gindi, domin shi ke ɗauke da nauyin duka. Sukan ninka katakon ƙasan, su ɗaure tayoyin kusa da kusurwoyi da noti, saboda ƙusa tana kwancewa idan turi ya yi yawa. Biyu daga cikin tayoyin su kasance masu birki. Kabad ɗin kuma kada ya yi tsawo ainun, in ba haka ba, zai kife a bakin dokin ƙofa. A sa buhun shinkafa da tukwane a ƙasa, kofuna a sama.

Ɗanyen katako yana tsagewa da hunturu, don haka busasshe ake nema. A shafa masa maganin gara kafin fenti.