Man Kolmani da Amanar Jikokin Gombe

Wannan jawabi ya shafi arzikin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasar Gombe, da kuma haƙƙin jikokin da za su gaje ta.

Ranar 22 ga Nuwamba, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar man fetur a Kolmani, kan iyakar Gombe da Bauchi. Na'urorin zamani ne suka gano abin da kakanni suka daɗe suna noma da kiwo a kansa ba su sani ba. To, amma iyakar aikin na'ura ta nuna inda arziki yake. Sauran shawara ta mutane ce.

'Yan Arewa mazauna Fatakwal da Warri ba su bukatar a ba su labari. An sami mai a Oloibiri a 1956. A 2011 kuwa rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa gyaran ƙasar Ogoni, wadda malalar mai ta ɓata, zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Watau waɗanda suka yanke shawara sun shuɗe, sun bar jikoki da gurɓataccen ruwa.

Bugu da ƙari, duniya na karkata ga lantarkin hasken rana da motoci marasa shan fetur. Nijeriya kanta ta yi alkawari a Glasgow a 2021 cewa kafin 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take kawarwa ba. Ke nan kasuwar mai tana da wa'adi, ɓarnarsa kuwa takan daɗe.

Birnin Gombe na shan ruwan madatsar Daɗin Kowa da ke kan kogin Gongola. An gina ta a shekarun 1980, amma sai da aka shafe fiye da shekara 30 kafin ta ba da wutar lantarki. Sakacin shekara guda, al'umma guda ke biyansa.

Saboda haka wajibi ne duk ɗan Gombe da ke ci-rani a Kudu, idan ya je gida, ya tambayi wakilansa: ina za a zuba dagwalon mai? Wa zai biya manomi da makiyayi diyya? Nawa za a ware domin ilmin yara da noman rani, don ranar da rijiyar za ta ƙafe?

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya kiyaye ƙasar da masu gadonta, amin.