DILLALIN DA BA YA TAƁA KAYA: JAWABI A KAN GWANJON INTANET



Shugaba ne ya ce in yi magana a kan gwanjon intanet, wai don ya ji na taɓa sayen agogo a can. To, zan yi misali da eBay, domin ita ta fi suna a wannan harka.

A 1995 ne wani masanin kwamfuta, Pierre Omidyar, ya buɗe ta a garin San Jose na ƙasar Amurka. Cikin abubuwan da aka fara sayarwa har da wata 'yar fitilar nuni lalatacciya, wadda aka saya dala 14.83. Da fari kyauta ne. Da jama'a suka yi yawa, masu ba shi layin intanet suka ƙara masa kuɗin wata daga dala 30 zuwa 250, shi kuwa ya soma karɓar la'ada a 1996.

Ku riƙe wannan kalma, la'ada. Kamfanin nan dillali ne, irin wanda muka sani a kasuwar shanu, sai dai shi ko igiyar ba ya riƙewa. Kayan na mai kaya ne, shi zai ɗauki hoto, shi zai aika. In an sayar, kamfani ya yanki rabonsa daga kuɗin mai kaya, galibi sama da kashi 10 cikin 100. Wanda ya baje kaya da yawa yana biyan kuɗin bajewa, wanda kuma yake son nasa su fito a gaba ya biya na talla. A 2023 an yi cinikin kusan dala biliyan 73 a eBay, kamfanin ya samu kusan biliyan 10. A yau ma yawancin cinikin ba gwanjo ba ne, farashi ne yankakke.

Yadda ake tayi shi ne abin lura. Mai kaya zai sa wa'adi, misali kwana 7. Kai kuma ka gaya wa na'ura iyakar abin da za ka iya biya, ba wanda zai gani. Idan ka ce dala 100, abokin takararka ya tsaya a 70, na'ura za ta taya maka 71, haka za ka biya. Don haka ne gwanaye kan yi shiru sai saura 'yan daƙiƙoƙi, su jefa tayinsu yadda ba mai samun damar ƙarawa.

Amana fa, tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba? Bayan ciniki mai saye yakan rubuta shaida a kan mai kaya, kowa ya karanta. An kuma haramta wa mai kaya ya sa ɗan'uwansa ya riƙa tayin ƙarya don ya ta da farashi, amma a yi hattara, masu yi suna nan.

Sai maganar agogo. Na yanke wa kaina dala 60. A mintin ƙarshe wani ya wuce ni, zuciya ta ɗebe ni, na ƙara har sau uku. Na ci gwanjo, ina murna. Da na haɗa kuɗin aikowa da na kwastan, sai na ga sabonsa a kanti bai kai haka ba. Ba wanda ya cuce ni, ni na cuci kaina, dillali kuwa la'adarsa ƙaruwa ta yi. Malaminmu na lissafi yana zaune a nan gaba, na ga yana dariya.

Ga agogon a hannuna. Mai son gani ya same ni bayan an ci abinci.